Shingen da Ya Bi Fitilar Bakin Layi

Da daro Mama ta zo Kaduna. Na ce mata robobin da ke ɗakina har sun yi mini yawa, ta ce roba daban, daro daban. Haka muka shigo motar haya tun daga ƙauye har Sabon Tasha, daron na kan cinyarta yana bugun gwiwar mutumin da ke kusa da ita, tana ba shi haƙuri a kowane rami. Tsohon daro ne na ƙarfe, fentinsa ya ɓare a baki, kuma a cikinsa aka yi mini wankan jarirai.

Ba don sha'awar birni ta zo ba. Bayan rasuwar Baba ta ci gaba da noman cittarta ita kaɗai, har ranar da aka tsince ta a kwance tsakanin kunya biyu, jiri ya kayar da ita. Likita ya ce hawan jini ne, kuma sai ana duba ta a kai a kai. Asibitin da ke kusa da ƙauyenmu tafiya ce mai nisa, hanyar kuwa a 'yan shekarun nan ba kowace rana ake binta da kwanciyar hankali ba. Yayana yana Legas, taimakonsa ta waya yake zuwa. Saboda haka ɗawainiyar ta faɗo kaina, ni da nake koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, nake kuma zaune a ciki da falo a wani gidan haya a Narayi. Ina sonta, kuma ina tsoron kada ta mutu ita kaɗai a gona. Amma ba zan ɓoye ba, na gaji tun kafin ta iso.

A bakin layinmu, jikin katangar gidan daidai saitin tagata, akwai fitilar sola a kan wani dogon ƙarfe. Wani ɗan siyasa ne ya kafa ta gab da zaɓe. Ranar da aka kunna ta har guɗa matan layin suka yi, ni ma ina cikinsu, domin a wannan kwanar aka sha fizge wa mutane waya da jaka in duhu ya yi. Tun da ta zo, mai ƙosai ta dawo da kaskonta ƙarƙashinta, masu keke napep suka mai da wurin tasharsu. Ko masu wuta sun ɗauke tasu, ita ba ruwanta. Da magariba take kunna kanta, sai gari ya waye take mutuwa. Fara ce fat, irin farin da ke sa fuskar mutum ta yi kama da ta marar lafiya.

Ni na saba da ita har na manta tana nan. Mama kuwa tun daren farko ta tambaye ni wa ake yi wa biki a waje.

"Ba biki ba ne, Mama, fitilar titi ce."

"To yaushe za su kashe?"

"Ba a kashewa."

Ta dube ni kamar na ce mata a garin nan ba a mutuwa.

Barci ya ƙaurace mata. Na sa labule, hasken ya biyo ta gefe. Na ƙara tsohon bargo a kai, zafi ya hana mu numfashi. Daga baya ta ɗauko wani baƙin ɗankwali tana ɗaure idonta da shi, amma ta ce jikinta ya san da hasken ko da ido bai gani ba. Ga zakaran maƙwabta da ke cara duk lokacin da ya ga dama. Mama ta ce zakaran birni ya haukace, ni kuwa na san ba haukarsa ba ce, shi ma an rikita masa lissafin dare da rana. Duk sa'ad da muka je asibiti, likita zai duba awon jininta ya girgiza kai, ya tambaya ko tana samun barci. Sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi Malama, garinta ne."

Malama take kirana idan tana son ta tsokane ni. Wata rana da yamma a cikin rani, muna zaune a tsakar gida ina duba littattafan yara, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama. Ta ce tana neman Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke curewa wuri guda, waɗanda a gida idan suka fara gangarawa yamma da wuri aka san damina ta kusa. Ba ta gan su ba. Saman Narayi ba ya yin baƙi, wani ja-ja yake yi kamar ruwan wankin tukunya, taurarin da suka rage a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Na ajiye jan birona na yi mata darasi, tunda abin da na iya ke nan. Na ce taurarin suna nan, ba inda suka je. Hasken fitilun gari ne yake hawa sama, ya bugi ƙura da laimar da ke cikin iska, ya dawo mana, sai ya rufe duk wani haske mai rauni. Na ce mata masana suna ɗaukar wannan a matsayin wani nau'in gurɓatar muhalli, kamar hayaƙi ko shara a kwata, sai dai shi ba ya wari.

"Shara ce?" in ji ta.

"Kusan haka."

"To ku share mana. Kun zauna a cikinta kuna ba ta suna."

Na koma kan littattafaina, ina jin haushin da ban san wa zan ɗora wa ba.

Daga nan maganar komawa gida ta fara. Kullum sai ta kawo ta, da safe ina ɗaura ɗankwali ina sauri, da yamma na dawo ƙafafuna sun kumbura. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira Yaya ya yi nasa ta waya. Ran nan dai ta gaji da jayayya ta yanke hukunci da kanta.

"Zan zauna har ruwan farko," ta ce. "In shinge ya same ni a gidan nan, ya shiga daron nan, to nan ma gari ne, na zauna. In bai zo ba, ki kai ni tasha."

Na yi dariya na ce na yarda, don a zatona ba'a ce. Da na dubi fuskarta na ga ba ta dariya.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce wane irin sharaɗi ne wannan. Shinge gara ce mai fiffike da ke tashi daga suri da yamma bayan ruwan sama mai ƙarfi na farkon damina. Sau ɗaya ko biyu take yi a shekara, in ka rasa sai baɗi. A ƙauyenmu ranar tashinsa rana ce ta kowa. Ana kashe duk wata wuta a gida, har ta murhu a rufe ta da toka. A kunna fitilar ƙwai guda ɗaya tak a tsakar gida, a ajiye daro da ruwa a ƙarƙashinta. Sai ka ga sun taso daga duhu suna zagaya fitilar, suna faɗawa cikin ruwan, mata na sharo na ƙasa da tsintsiya. A soya a kasko ba mai, don da mansa yake zuwa, a sheƙe fikafikan a faifai, a barbaɗa gishiri. Baba ne mai riƙe fitila, Mama ce mai daro, tun kafin a haife ni. Duk dabarar a kan abu guda take, wato ya zama fitilarka ce kaɗai haske a wurin.

To ga ni da fitilar da ta fi rufin gidanmu tsawo, kuma ba ta da makunni.

A gidan namu akwai wani bakanike Inyamuri da ke da gareji a Kakuri. Shi da Mama sun shaƙu, domin yakan gaishe ta har ƙasa, ita kuma tana ajiye masa tuwon acca. Da na kai masa kukana, sai idonsa ya kawo haske. Ashe su ma a garinsu suna ci, kuma rabonsa da shi tun yana saurayi.

"Malama, ba wahala," ya ce da irin Hausarsa. "Wannan fitila, rana ne abincinsa. Mu rufe faranti na sama da buhu, batir ba zai ci abinci ba, da yamma zai kwanta. Kwana ɗaya kawai, Mama ya kama abinsa, mu cire."

Na san ba daidai ba ne, fitilar ba tamu ba ce mu kaɗai. Amma na ce a raina dare ɗaya ba zai kashe kowa ba.

Ruwan farko ya sauka da asuba, ya yi ta dukan kwanon rufi kamar ana zuba tsakuwa. Da gari ya waye tsakar gida ta cika da ruwa har idon sawu. Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Yau ne." Na daɗe ban ji muryarta da irin wannan ƙarfi ba.

Kafin in tafi makaranta bakaniken ya aro tsani, ya hau ya lulluɓe farantin solar da baƙin buhu. Bai gama saukowa ba fitilar ta kama, ga rana ta fito, kowa na gani. Ashe da farantin take gane dare ya yi, da ta ji duhu a kansa sai ta ɗauka magariba ce. Masu keke suka fashe da dariya. Shi kuwa ya tsaya a tsakiyar tsani yana kallonta, ya ce, "Chineke! To bari ya ci wuta, zai gama batir da wuri." Haka kuwa aka yi. Ta wuni tana ci a banza, da yamma ta yi ja, ta yi ƙifta-ƙifta, ta mutu.

Da na dawo na bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a kashe ƙwan waje. Na leƙa shagon Alhaji da ke maƙwabtaka da mu na roƙe shi ya jinkirta tayar da janareto. Ya ce, "Don tsohuwa ai ba komai, Malama, Allah ya ba mu albarkacinsu." Mama ta goge fitilar ƙwan da na saya mata, ta cika daro da ruwa, ta sa kujerarta 'yar tsugune a gefe, tsintsiya a hannu.

Muka zauna. Sauro ya zo, wasu ƙananan ƙwari marasa amfani suka zo. Shinge ko ɗaya bai zo ba.

Can Mama ta tashi ta fita ƙofar gida, ta tona ƙasar gefen kwata da yatsa. Sama-sama ce ta jiƙe, ƙasan busasshe ne ƙurmus. Ta dawo ta zauna tana goge yatsan da bakin zane. Ta ce ruwan bai isa ya ratsa suri ba. A gida ɗakinta na ciyawa ne, in ta ji ruwa da ƙarfi to da ƙarfin ya zo, kuma ƙasa ce ke shanye shi ta gaya maka adadinsa. Nan kuwa kwano ya ƙara masa murya, siminti ya tara shi wuri guda, yayyafi ya yi shigar mamako.

"Garin nan har ruwansa ƙarya yake yi," ta ce.

Amma ba ta tashi ta shiga ɗaki ba. Hadari ya washe, kuma ko da yake jan nan na sauran gari yana nan a gefen sama, saitin kanmu ya yi duhu fiye da yadda na taɓa gani a Narayi. Taurari suka ƙaru. Ta nuna mini wasu ta faɗi sunayensu da yarenmu, sunayen da na manta na taɓa sani. Ranar ba ta ɗaura ɗankwali a ido ba, ta yi barci har da minshari, ni ce ma na tashe ta da safe.

Da safen kuma shugaban 'yan sintirin layi ya buga mana ƙofa. Bai yi faɗa ba, ya dai lissafa mini abin da dare ɗayan nan ya jawo. Mai ƙosai ba ta yi ciniki ba. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke dawowa daga aiki ta ƙi shigowa layin, sai da mijinta ya fita da tocila ya taho da ita. Su kansu sun kwana suna zagaye, suna zaton ɓarayi ne suka lalata fitilar don su dawo. Ya ce, "Malama, ke ma kin san abin da duhu ya yi mana a layin nan." Na sani. Na ba shi haƙuri. Mama da ke bayana ta ce, "Ɗana, duhu bai taɓa fizge jakar kowa ba, mutane ne." Ya ce, "Gaskiya ne, Mama, amma mutanen ba su da makunni su ma." Kafin azahar an cire buhun.

Ruwan gaske ya zo bayan 'yan kwanaki, da la'asar, irin wanda ke cika kwata ya kwashe gadar katako. Ya same ni a hanya, na iso gida jiƙe sharkaf, takalmina a hannu. Ana ɗaukewa iska ta tsaya cik, ƙasa ta fara wannan ƙamshi. Ba wanda ya ce yau ne, kowa ya sani. Mama ta riga ta fito da daro. Maƙwabta suka kashe ƙwayayensu ba tare da na roƙa ba, Alhaji ma bai tayar da janareto ba. Sai fitilar bakin layi ta kama, cikinta cike da ranar kwana da kwanaki.

Suka taso daga wajen filayen da suka rage a bayan unguwa. Ban taɓa ganin shinge da yawa haka ba, ko a ƙauye. Suka wuce ta saman katangarmu, ta saman fitilar ƙwan Mama da ke ci kamar tana jin kunya, suka nufi farar fitilar. Can sama suka taru suna zagaya ta kamar hayaƙi. Na san dalili, na sha gaya wa yara a aji cewa ƙwaro da hasken sama yake daidaita tashinsa, idan fitila ta fi sama haske sai ya rikice ya yi ta kewaya ta har ƙarfinsa ya ƙare. Sanin bai amfane ni da komai ba. Waɗanda suka gaji suna zubowa kan kwalta da cikin kwata, kekuna na bi ta kansu, tayoyi na yin wani ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

"Mama, mu kai daron can," na ce. "Ga su can birjik."

"A gidan nan na ce."

"Ai bakin gida ne, taku nawa ne?"

Ba ta motsa ba. Na sunkuci wata roba na fita da tsintsiya, bakaniken ya biyo ni da kwali. Muka yi ta shara a tsakanin ƙafafun mutane, masu keke na yi mana hon. Abin da muka tara rabinsa yashi ne da ruwan kwata, yana warin fetur. Na tsaya da robar a hannu, fikafikai sun manne mini a fuska da wuya, bayana na ciwo, ga jarrabawar yara ban gama dubawa ba. Kuka ya zo mini, na haɗiye shi saboda idon jama'a.

Da na koma ciki na tarar da ita a inda na bar ta. 'Yan ƙalilan ne suka ɓata hanya suka faɗa daron, ba su cika tafin hannu ba. Ta tsame su, ta soya a ƙaramin kasko, ta hure fikafikan da baki don ba su kai a ɗauko faifai ba. Ta raba uku, ta ba bakaniken, ta ba ni, ta riƙe nata.

"Kin gani, sun zo," na ce. "Sun shiga daron. Kin ce in sun shiga za ki zauna."

Ta tauna a hankali, tana kallon farin hasken da ya haye katanga ya kwanta a kan ruwan daron.

"Sun zo garin," ta ce. "Amma ba wurina suka zo ba, wurin gwamnati suka zo. Waɗannan tuntuɓe suka yi."

Bakaniken ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi mana sai da safe.

Na ƙara gwadawa a kwanakin da suka biyo. Na ce zan nemi wani gida a can cikin unguwa inda babu fitila. Ta tambaye ni ko zan iya dawowa daga aiki ni kaɗai ta layin da babu fitila. Ta ce, "'Yar nan, ke kina bukatar hasken nan, ni ina bukatar barci. Likitanki ma ya faɗa. Kar ki sa in mutu da ido biyu."

Ranar Asabar na kai ta tasha. Na cika mata jaka da magani, na rubuta wa matar ƙanin Baba yadda ake sha, na sa mata lambar likita a waya duk da na san ba za ta kira ba. Ta zauna kusa da taga, daron a kan cinyarta. Baƙin ɗankwalin kuwa ta bar mini shi a kan matashi, a ninke.

Yanzu kullum da magariba nake kiranta. Idan ta ɗauka takan ce ta yi barci kamar gawa, in ce ta daina wannan kwatance, ta yi dariya. Takan ba ni labarin citta, da wanda ya rasu, da wanda ya haihu. Amma sabis a ƙauyenmu sai an hau tudu, kuma akwai ranakun da wayar ba ta shiga ko kaɗan. A irin ranakun nan ba abin da ba ya zuwa mini a rai: jiri a gona, hanyar nan, duhun da take so ɗin nan da abin da ke iya fitowa daga cikinsa. A ɗakina ma sabis ɗin ba shi da ƙarfi. Inda ya fi kamawa a duk layin shi ne gindin ƙarfen fitilar.

Jiya ma wayar ba ta shiga ba. Na fita ba ko takalmi, na tsaya a ƙarƙashin farin hasken, na ɗaga wayar sama ina sake kira. Na matsa dama, na matsa hagu, na zagaya ta bayan ƙarfen, na sake zagayowa. Mai ƙosai ta ɗago kai daga kaskonta ta ce, "Malama, ki zauna mana ki huta, tun ɗazu kike kewaya fitilar nan."